Esther Thelen, matar da ta tsoma jarirai a ruwa don ta gane tafiya

Ki ɗauki jariri ɗan kwana goma, ki tallafe shi ta hammata, ki bari tafin ƙafarsa ya taɓa tebur ko cinyarki, sannan ki ɗan karkato shi gaba. Zai ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke, ya ɗaga ɗayar ya sauke, sai ki rantse tafiya zai kama. Tsofaffi idan sun ga haka sukan yi dariya su ce wannan ba zai daɗe a ƙasa ba. Ki sake gwada shi yana wata biyu ko uku, ba za ki ga komai ba. Ƙafafun za su lanƙwashe ko su tsaya cak, babu taku. Sai can wajen wata takwas zuwa goma takun yake dawowa, daga nan a shiga tatata.

Ina takun ya tafi a tsakani? Lokacin da nake koyon aikin gashi, wato fisiyo, amsar layi biyu ce a littafi. Motsi ne da ake haihuwar yaro da shi, laka da can ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke tafiyar da shi ba da niyyar yaron ba. Idan saman ƙwaƙwalwa ya fara nuna sai ya danne shi, in lokacin tafiya ta gaskiya ya yi kuma ya sake shi. Haka aka koya wa likitoci shekara da shekaru. Wata mata ce, wadda ba likita ba, ba kuma ilimin yara ta fara karantawa ba, ta zauna ta yi ta kallon ƙafafun jarirai har ta gano inda bayanin ya yi rauni. Sunanta Esther Thelen. Tun da na fara aiki da yaran da zama ko tafiya ta yi musu jinkiri, babu masanin da aikinsa ya shiga hannuna kamar nata, shi ya sa nake so in ba da labarinta da Hausa.

An haife ta a Brooklyn, cikin birnin New York na Amurka, a 1941. Ilimin dabbobi ta karanta, ta gama digirin farko a Jami'ar Wisconsin a 1964. Daga nan aure da raino suka ɗauke ta. Mijinta, David Thelen, masanin tarihi ne, aikinsa ya kai su jihar Missouri, kuma sai da 'ya'yanta biyu suka ɗan tasa ta koma aji. Digirinta na biyu, a 1973, a kan wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne dangin zanzaro: yadda yake goge jikinsa, wace ƙafa ke fara shafa, wane sashe ke biyo baya, sau nawa yake maimaitawa. Digirin digirgir kuwa a 1977 ta kammala, tana da shekara 36.

Nakan tsaya a kan wannan shekarun duk lokacin da nake magana da ɗalibai mata, musamman masu zuwa aji da goyo. Da yawa a cikinsu suna ganin sun makara, waɗanda suka gama sakandare tare sun yi musu nisa. Thelen ta fara aikinta na gaske a shekarun da wasu ke ganin an gama da su, kuma shekarun rainon ba su tafi a banza ba. Ta shiga bincike da ido biyu: idon mai nazarin ƙwari, wanda ya saba zama shiru yana ƙirga motsi ba tare da ya yanke hukunci ba, da idon uwa wadda ta san jariri ba ya zama wuri ɗaya.

Abin da ta yi a digirin digirgir ɗin aiki ne da mutum mai gaggawa ba zai iya ba. Jarirai 20 masu ƙoshin lafiya ta zaɓa, tana zuwa gidajensu duk bayan mako biyu har suka shekara, ta zauna tana kallo tana rubutawa. Abin da take bi shi ne motsin nan da jarirai ke maimaitawa ba gajiya: harba ƙafa, kaɗa hannu, buga abu a ƙasa, lilo da jiki, tsalle-tsalle idan an riƙe su tsaye. Ta rubuta irin wannan motsi sama da karo 16,000, ta kasa shi gida 47. Kafin ita, idan aka ambaci yaro mai jijjiga jiki gaba da baya, abin da ke zuwa ran masana shi ne yaran gidan marayu, ko masu lalurar ƙwaƙwalwa, ko dabbar da aka kulle a keji. Ita kuwa ta nuna kowane lafiyayyen jariri yana yi, kuma yana da lokacinsa. Yaron da ya durƙusa a kan hannu da gwiwa yana lilo, rarrafe yake gab da yi. Motsin yakan yawaita daidai lokacin da gaɓar ta fara samun ƙarfi amma ba ta ƙware ba, in ta ƙware sai ya ja baya. Ta kuma lura cewa jariran da ba a yawan ɗauka ana jijjiga su sun fi yin wannan lilo da kansu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna goyo, in tuna yawan jijjigar da ɗan Bahaushiya ke samu a bayan uwarsa tana daka ko tana shara.

A wancan zamanin fannin nazarin motsin yara kamar an rufe shi ne. Arnold Gesell na Jami'ar Yale ya riga ya ɗauki fina-finan jarirai masu yawa, ya fitar da jadawali: wata kaza zama, wata kaza rarrafe, wata kaza tsayuwa. A 1929 shi da Helen Thompson suka koya wa ɗaya daga cikin wasu tagwaye hawan matakala, suka bar ɗayar, daga baya wadda aka bari ta kamo 'yar'uwarta cikin ɗan lokaci. Aka ce to ai shi ke nan, nunar ƙwaƙwalwa ce ke kawo komai, koyarwa ba ta ƙara wani abu. Myrtle McGraw ma, wadda ta yi nata binciken tagwayen a New York ta buga a 1935, tunaninta ya fi haka faɗi, amma abin da littattafai suka riƙe daga gare ta shi ne maganar saman ƙwaƙwalwa na danne motsin haihuwa. Masu hazaƙa suka koma nazarin harshe da tunani, aka bar ƙafa da hannu ga masu cika jadawali.

Thelen, da yake ta shafe shekara tana kallon jarirai a kwance suna harbi, sai wani abu ya tsaya mata a rai. Ita da Donna Fisher suka ɗauki bidiyon harbin da jariri ke yi yana rigingine, da takun da yake yi idan an riƙe shi tsaye, suka auna yadda ƙugu da gwiwa da idon sawu ke lanƙwashewa, suka kuma auna aikin tsokoki. Abu ɗaya ne. Tsokokin da ke aiki iri ɗaya, tsarin lanƙwashewar iri ɗaya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Idan kika juya hoton jariri mai harbi kika tsayar da shi, taku za ki gani. Sun buga wannan a 1982. Ga kuma abin da ya rushe tsohon bayani: a daidai watannin da takun ke ɓacewa, harbin ƙaruwa yake yi. To wace irin ƙwaƙwalwa ce za ta hana motsi idan yaro na tsaye, ta kuma ƙyale shi idan ya kwanta?

Amsarta mai sauƙi ce har ta kai wasu sun ƙi yarda da farko. A makonnin farko jariri kitse yake tarawa da sauri, cinyoyi su cika, amma tsoka ba ta ƙaruwa da wannan saurin. Idan yana tsaye, ɗaga cinyar sama aiki ne babba. Idan yana kwance, da zarar ya ɗan janyo ta sai nauyinta ma ya taimaka masa ta faɗo wajen ciki. Takun bai je ko'ina ba, ƙarfin ɗagawa ne ya gaza.

Abin da ya burge ni shi ne ba ta tsaya a hasashe ba. Ita da Fisher da Robyn Ridley-Johnson suka bi jarirai suna mako biyu, huɗu da shida, suka ga waɗanda suka fi saurin ƙiba su ne suka fi rage taku. Sai suka ɗauki 'yan mako huɗu, suka ɗaura musu ɗan nauyi a ƙafa, daidai gwargwadon abin da za su ƙara nan da mako biyu. Taku ya ragu. Suka kuma ɗauki wasu suka tsoma su tsaye a tankin ruwa mai ɗumi har wajen ƙirji, inda ruwa ke ɗauke nauyin ƙafa. Taku ya ƙaru, gwiwa ta ɗagu sama sosai. Ƙwaƙwalwar yaron ba ta nuna ba cikin minti biyar, ba ta kuma koma ɗanya ba. Nauyi kawai aka ƙara, aka rage. An buga wannan a 1984. Babu wata na'ura mai tsada a cikin hikimar, tankin ruwa ne da ɗan abin ɗaurawa da tambaya mai kyau.

Wannan ya kuma warware wani tsohon saɓani. Tun a 1972 Philip Zelazo da abokan aikinsa sun nuna idan ana sa jariri yin takun nan na 'yan mintuna kullum, ba ya ɓacewa, kuma yaran sun yi tafiya da ɗan wuri. A fahimtar Thelen, atisaye ne aka yi wa tsoka, ta yi ƙarfin da zai iya ɗaukar cinyar.

A 1985 ta koma Jami'ar Indiana da ke Bloomington, inda ta zauna har ƙarshen rayuwarta. A wannan tsakanin ta fito da gwajin injin tafiya, ƙaramin samfurin irin wanda ake gani a gidajen motsa jiki, mai shimfiɗar da ke gudu ƙarƙashin ƙafa. Aka riƙe 'yan wata bakwai a kai, waɗanda a ƙasa ba sa taku ko kaɗan. Da shimfiɗar ta ja ƙafa baya, sai ƙafar ta dawo gaba da kanta, ɗayar ta biyo, taku tsaf irin na mai tafiya. An ƙara gudun injin, suka ƙara sauri. An raba shimfiɗar biyu, ƙafar dama na kan mai sauri ta hagu na kan mai jinkiri, duk da haka suka daidaita suna musayar ƙafa. Ita da Beverly Ulrich suka bi wasu jarirai wata-wata a kan injin, suka buga a 1991. Ma'anar ita ce tsarin taku yana nan tun da wuri, abin da yaro ke jira shi ne sauran kayan haɗin: ƙarfin da zai tsaya a kan ƙafa ɗaya yayin da ɗayar ke sama, da iya riƙe jiki kada ya kife.

A nan ne aikinta ya iso ɗakin da nake aiki. Yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, sukan yi jinkirin tafiya da kusan shekara guda, saboda tsokarsu saki gare ta. Dale Ulrich da Beverly Ulrich da abokan aikinsu suka ba iyaye irin wannan ɗan injin su kai gida, minti takwas a rana, kwana biyar a mako. A sakamakon da suka buga a 2001, yaran da aka yi wa haka sun riga masu irin lalurar da ba a yi musu ba fara tafiya da kwana 101. Wanda bai taɓa ganin uwa na goyon yaro ɗan shekara biyu da rabi zuwa asibiti, ga kuma wani cikin, ba zai san darajar wata uku ba.

Sai hannu. Ni a wurina binciken da ta yi kan miƙa hannu ya fi na ruwan taɓa zuciya, duk da bai kai shi suna ba. Jarirai huɗu kacal ta bi, tun suna mako uku har suka shekara, ana auna gudun hannunsu da aikin tsokarsu duk lokacin da aka nuna musu abin wasa. Sun fara kai hannu a lokuta daban-daban, tsakanin mako 12 zuwa 22. Biyu daga cikinsu masu ƙiriniya ne, hannu kullum a sama suna faffaka, su matsalarsu ita ce yadda za su rage ƙarfi don kada su wuce abin ko su doke shi. Sauran biyun masu sanyi ne, hannu a kwance, su kuma tasu matsalar ita ce yadda za su tara ƙarfin ɗaga hannun. Dukkansu sun kama abin wasan a ƙarshe, amma ba darasi ɗaya suka koya ba. Da a ce akwai wani rubutaccen tsari a ƙwaƙwalwa da ke buɗewa ranar da aka ɗiba, da hanya ɗaya za su bi. Kowane yaro da jikin da Allah ya ba shi ya nemo mafita.

Ta ɗauki haske daga wani masanin Rasha, Nikolai Bernstein, wanda a shekarun 1920 ya ɗauki hoton ma'aikata suna dukan ƙarfe da guduma a Mosko. Ya ga gudumar na sauka wuri ɗaya, amma hannun bai taɓa bin hanya ɗaya sau biyu ba. Gaɓɓai da tsokoki sun yi yawan da ƙwaƙwalwa ba za ta tsaya ba kowanne umarni ba, dole su riƙa haɗa kai suna daidaita juna. A kan wannan ita da abokiyar aikinta Linda Smith suka gina littafinsu na 1994, inda suka ce sabuwar ƙwarewa tana fitowa ne daga haɗuwar abubuwa da yawa lokaci guda: ƙwaƙwalwa, nauyin jiki, ƙarfin tsoka, irin ƙasan da ake takawa, da abin da yaron ke marmarin kaiwa gare shi. Yadda nake bayyana wa ɗalibai shi ne 'yar hanyar ƙafa da ke ratsa gona. Ba wanda ya zana ta. Wani ya bi saboda nan ne babu ƙaya, wani ya bi sawunsa, ciyawa ta kwanta, har ta zama hanyar da ƙafa ke faɗawa da kanta. In aka dasa shinge, wata sabuwa za ta fito a gefe.

Da wannan tunanin suka koma kan wani sanannen gwaji na Jean Piaget, masanin ci gaban tunanin yara ɗan ƙasar Switzerland. A ɓoye abin wasa a rami na farko a gaban jariri ɗan wata takwas zuwa goma, ya ɗauko, a maimaita sau da yawa. Sai a ɓoye a rami na biyu yana kallo, a ɗan dakata. Sai ya miƙa hannu rami na farko. Piaget ya ce yaron bai gama fahimtar cewa abu na nan daram ko ba a ganinsa ba. Smith da Thelen suka nuna, a 1999, ko ba a ɓoye komai ba, murfi biyu kawai aka ajiye ana ɗaga ɗaya, yaron yana yin kuskuren. Kuma idan aka miƙar da shi tsaye kafin gwajin ƙarshe, maimakon zaman da ya yi a baya, kuskuren na raguwa ƙwarai. Hannu ne ya saba hanya, canjin tsayuwa ya karya sabon. Daga baya ta haɗa kai da wani Bajamushe, Gregor Schöner, suka mayar da bayanin lissafi.

Ba zan ɓoye ba, a wannan ɓangaren nake da ja. Maganar cewa komai yana shafar komai tana da daɗin faɗi, kuma malalaci zai iya fakewa da ita ya ƙi gano komai. Ƙarfin Thelen yana inda ta kama abu ɗaya ta juya shi, nauyi ko ruwa ko tsayuwa, ta nuna sakamako. Kuma ina tsoron wani ya karanta labarin tankin ruwa ya ɗauka ƙwaƙwalwa ba ta da muhimmanci. Ita ba ta taɓa cewa haka ba. Yawancin yaran da ake kawo mini, matsalar daga ƙwaƙwalwar take: doguwar naƙuda da ta sa yaro bai yi kuka da wuri ba, shawara mai tsanani a makon farko da aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai. Ga tamowa, ga laushin ƙashi. Waɗannan ba sa jiran falsafa, asibiti suke so da wuri.

Abin da ta canza mini shi ne tambayar da nake yi idan an shimfiɗa yaro a gabana. Maimakon in tsaya ga wane mataki ya kai a jadawali, sai in tambayi kaina: a cikin duk abubuwan da zama ko tafiya ke bukata, wanne ne ke riƙe yaron nan yau? Ƙarfin baya ne? Tsoro ne? Ido ne ba ya gani sosai, don haka babu abin da ke jansa? Ko dai wurin da yake wuni ne bai ba shi damar gwadawa ba?

Wata rana wata dattijuwa ta kawo jikarta, yarinya kyakkyawa mai jiki, ta haura shekara da 'yan watanni. Ta ce, "Likita, yarinyar nan nauyin ƙafa gare ta, sa'o'inta duk suna gudu." Na duba ta, gaɓɓai lafiya, ji da gani lafiya, tana zama da kanta, amma in an tsayar da ita sai ta ɗage a kan yatsu. Na ce, "Hajiya, ina take wuni?" Ta ce ai uwar ma'aikaciya ce, gidan tayil ne ga sanyi ga santsi, don haka tun tana wata shida aka saya mata keken roba mai zagaye, a ciki take tun safe. Na ce, "Hajiya, ku ne kuka raine mu, kun fi ni sanin yadda aka yi muka taka. A shimfiɗa mata tabarma, a cire keken, a bar ta ta kama kujera ta miƙe, ta faɗi ta tashi." Ta yi shiru, sannan ta ce su a zamaninsu ai turmi da bakin gado yaro ke kamawa. Irin keken nan yana rataye yaro ne, yana tura ƙasa da yatsu ba ya ɗaukar nauyin kansa, ba ya kuma ganin ƙafarsa. Ga haɗarin gangarawa matakala ko kaiwa ga tukunya. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da kafintocinmu ke yi, wanda yaro ke tsayawa da ƙafarsa yana turawa, ya fi shi kusa da tafiya ta gaskiya, muddin akwai babba a kusa.

Faɗuwar da iyaye ke gudu kuwa ita ce makarantar. Karen Adolph ta Jami'ar New York ta ƙirga a 2012: yara 'yan wata 12 zuwa 19, idan an bar su suna wasa, suna yin taku kusan 2,368 a awa guda, suna faɗuwa sau 17. Ita ma irin aikin Thelen ne, zama a ƙirga abin da kowa ke gani ba wanda ya damu ya lissafa.

Ga iyayen da ke kwana da zullumi saboda ɗan maƙwabta ya riga nasu, alƙaluman da nake karanta musu na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, waɗanda aka fitar a 2006 bayan bin yara 816 masu ƙoshin lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Zama ba tallafi, daga kusan wata 4 har wata 9. Tafiya ba riƙo, daga wata 8 har kusan wata 18. Kusan 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu da ɗuwawu suka ja, wasu miƙewa kawai suka yi. Tazarar da faɗi, kuma faɗin nan shi ne abin da jarirai huɗun Thelen suka nuna. Amma yana da iyaka. Yaron da ya wuce wata tara bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko yake amfani da hannu ɗaya ya bar ɗaya tun yana ƙarami, ko jikinsa ya cika sandarewa ko saki, a kawo shi a duba, kada a jira.

Akwai shaida daga nahiyarmu da ta dace da tunaninta tun kafin ya yi suna. Charles Super ya zauna a ƙauyen Kokwet na yammacin Kenya, cikin 'yan ƙabilar Kipsigis, ya buga a 1976 cewa jariransu na riga na Amurka zama da tafiya da kusan wata guda. Dalilin a bayyane yake: iyaye mata na koya musu da gangan, su zaunar da yaro a ɗan rami ko su kewaye shi da tsumma, su riƙa sa shi taku. Rarrafe da ba sa koyarwa kuwa, ba su riga kowa ba. Blandine Bril ta yi irin wannan nazari a kan Bambara na Mali, inda ake miƙe gaɓɓan jariri a lokacin wanka. Na karanta sai na ga kakata, yadda take haɗa hannun jariri a baya, ta janyo ƙafa, ta ɗaga shi ta cafe, sannan in ya yi 'yan watanni a girka shi a kewaye da matasai. Ba duk abin da aka gada ba ne zan sa wa hannu. Ruwa mai zafin gaske da wurgi da jariri sama ina hana su. Amma raina waɗannan ayyuka da sunan wayewa, a maye gurbinsu da kujerar roba da yaro zai wuni a ɗaure, wannan ci baya ne.

Esther Thelen ta rasu ranar 29 ga Disamba 2004 a Bloomington, bayan fama da ciwon daji, tana da shekara 63, a lokacin tana shugabantar babbar ƙungiyar masu binciken ci gaban yara. Shekara 27 ke nan tsakanin digirinta da rasuwarta. Ɗalibanta sun bazu a jami'o'i, kuma babu littafin ci gaban yara na kirki a yau da zai kawo maganar takun jariri bai ambaci tankin ruwan ba.

Abin da ke damuna shi ne yawancin ayyukan kammala karatu da ke biyowa ta teburina takardar tambayoyi ce, a raba wa iyaye su cika, a fitar da kaso cikin ɗari. Alhali wayar da ke jakar kowace ɗaliba ta fi kyamarar da Thelen ta fara aiki da ita, tana ma rage gudun bidiyo a ga kowane taku. Tambayoyi kuma ga su a tsakar gidajenmu. Awa nawa jariri ke yi a goye, kuma me wuyansa da bayansa ke yi yayin da uwar ke sunkuyawa tana miƙewa? Yaya takun mai tatata yake a kan yashi, a kan daɓe, a kan tayil? A ɗakin binciken Adolph an nuna cewa ko ƙunzugu na sauya tafiyar yaro, yana sa shi buɗe ƙafa da yawan tuntuɓe, to yaranmu na ƙauye da ke yawo ba komai a gindi fa, da na birni masu famfas dare da rana? A bana na roƙi ɗalibaina biyu su ajiye takardar tambayoyi, kowacce ta nemi izinin gidaje kaɗan a unguwarsu, ta riƙa zuwa duk bayan mako biyu tana ɗaukar yaran tun daga zama har tafiya, ta kuma auna nauyinsu da kaurin cinyarsu kowace zuwa.